Tawakkali, Sakaci da Amanar da ke Cikin Faifan Kwamfuta

Faifan da kwamfutar tebur take ajiye bayanai a cikinsa yana da ajali, kamar duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera. Wani ya shekara goma yana aiki, wani ya tsaya bai cika wata shida ba, kuma mai shi ba ya da hanyar sanin ranar. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maraɗi, abubuwa da dama da a da littafin rajista kaɗai ke riƙe da su sun fara komawa cikin irin wannan faifai: sunayen ɗalibai da makinsu, lissafin bashin ƙungiyar manoma, kwafin takardun cinikin gona, hotunan biki da mai hoto bai miƙa wa masu su ba tukuna. Ranar da faifan ya ƙi tashi, abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne, ƙaddara ce. Gaskiya ne ƙaddara ce, sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Wanda ya bar haƙƙin jama'a a faifai ɗaya tak, ya ce ya dogara ga Allah, tawakkali ya yi ko sakaci? Idan kuma abin ya salwanta, akwai abin da ya hau kansa a shari'a? Amsar tana buƙatar a fara sanin halin faifan kansa, domin malamai ba sa yanke hukunci a kan abin da ba su san siffarsa ba.

Faifai iri biyu ake samu a kwamfutocin tebur. Tsohon samfurin yana da faranti mai maganaɗisu a cikinsa, yana juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai siririn kai da ke shawagi a saman farantin yana rubutu yana karatu. Ratar da ke tsakanin kan da farantin ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa tuntuɓe ɗaya da akwatin kwamfuta tana cikin aiki ya isa ya sa kan ya karce farantin. Irin wannan faifai wani lokaci yakan nuna alama kafin ya tafi: ya riƙa ƙara ƙas-ƙas, ko fayil ya ɗauki minti guda bai buɗe ba. Sabon samfurin, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ƙwayoyi. Ya fi sauri, ya fi jure jijjiga, amma kowace ƙwaya tana da iyakar rubutun da za ta ɗauka, cajin kuma yana zurarewa sannu a hankali idan aka daɗe ba a sa masa wuta ba, musamman a wuri mai zafi. Idan zai mutu, sau da yawa ba ya sallama.

A shekarar 2007 masu bincike na kamfanin Google sun fitar da sakamakon bibiyar faifai masu juyawa sama da 100,000. Sun ga cewa a shekarar farko kusan biyu cikin ɗari ne ke lalacewa, amma a cikin waɗanda suka kai shekara uku adadin ya haura takwas cikin ɗari a shekara. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku na faifan da suka mutu ba su ba da wani gargaɗi ba ta tsarin SMART, wato ma'aunin da faifai ke duba lafiyar kansa da shi. Kamfanin Backblaze, wanda yake wallafa irin wannan lissafi tun 2013, yakan samu tsakanin ɗaya da biyu cikin ɗari a shekara. Ko an ɗauki biyu cikin ɗari kawai, ma'anarsa ita ce a cikin kwamfutoci hamsin da ke warwatse a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na gunduma ɗaya, kowace shekara akwai guda da za ta wayi gari babu komai a cikinta.

Waɗannan alƙaluma kuwa an tattara su ne a ɗakuna masu sanyi, masu wutar da ba ta ƙiftawa. Halin Gazawa ko Tibiri daban ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce maki 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano. Da hunturu ƙura kan toshe fankar kwamfuta har ta yi kamar an liƙa mata auduga. Da yawa daga cikin kwamfutocin na hannu ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa kafin su iso kasuwar Maraɗi. Sai kuma wuta. Kaso mai yawa na lantarkin wannan yanki daga Nijeriya yake zuwa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka a tashar Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, an yanke wannan wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A tsakanin nan ofisoshi suka koma ga janareta da hasken rana da ɗan abin da ake rabawa unguwa-unguwa. Babu abin da ke ɓata fayil kamar wuta ta ɗauke faifai yana tsakiyar rubutu, ko ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Da damina ga tsawa, ga ruwa. Ambaliyar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a jahar Maraɗi, kuma ruwa ba ya tambayar abin da ke cikin akwati kafin ya shiga.

Ba duk asara ce daga faifai ba. Ɓarawo yana ɗauke kwamfuta da abin da ke cikinta. Yaro ko sabon ma'aikaci yana goge babban fayil bisa kuskure. Akwai ƙwayar cutar nan da filash, wanda a Nijar ake ce wa kle, ke yawo da ita daga shago zuwa shago, ta ɓoye takardu ta bar inuwarsu kawai. Akwai kuma wadda ke kulle komai ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta ratsa ƙasashe kusan 150 a watan Mayu na 2017.

To a kan wannan siffa ake tambayar tawakkali. Asalin da malamai ke komawa gare shi sananne ne. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ne ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Rayuwar Manzon kanta haka ta tafi. A hijira ya ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, ya kwana uku a kogon Sauru har nema ya lafa, ya bar Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu. A Uhudu ya sa sulke biyu. Ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Halifa Umar da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a can, sai ya juya da jama'arsa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Maganar nan ta Hausawa, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce kuma ba hadisi ba ce, amma ma'anarta ba ta saɓa wa waɗannan ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa batun rabe-rabe mai amfani a babin tawakkali na littafinsa Ihya. Ya ce sababi iri uku ne. Akwai wanda amfaninsa tabbatacce ne, kamar shan ruwa ga mai ƙishirwa, kuma barin irin wannan ba ya cikin tawakkali ko kaɗan. Akwai wanda amfaninsa rinjayen zato ne, kamar magani ga majinyaci ko guzuri ga matafiyi, kuma riƙo da shi ba ya rage wa mutum tawakkali. Akwai na uku wanda wahami ne kawai, shi ne wanda zurfafawa a cikinsa ke nuna zuciya ta rataya ga wanin Allah. Yin kwafi na biyu na abin da ke cikin faifai yana cikin kashi na biyu, har ya kusa shiga na farko, domin mutuwar faifai ba abin shakka ba ce, ranarta ce kawai a ɓoye. Littattafan tauhidi na Shehu Sanusi na Tilimsan, waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun ƙara wani haske. A wurinsa haɗuwar sababi da abin da ke biyo bayansa hukunci ne na al'ada: wuta ba ta ƙona da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da ta taɓa abu, kuma Yana iya hanawa. Don haka kwafi uku ba sa tsare komai da ikon kansu, kuma duk wanda ya yi su ya ji a ransa ya fi ƙarfin asara ya faɗa wani kuskuren da ya fi na farko muni. Hannu ne ke yin kwafi, zuciya kuwa tana wurin Mai tsarewa.

An san cewa wasu bayin Allah sun shiga daji babu guzuri, kuma Gazali bai zarge su ba idan suna da ƙarfin haƙurin da abin ke buƙata. Amma ya bambanta mai zaman kansa da mai iyali, ya ce mutum ba ya da ikon ɗora wa waɗanda ke ƙarƙashinsa yunwar da shi ya zaɓar wa kansa. Wannan bambanci shi ne gishirin batun kwamfuta. Wanda ya tara hotunan kansa ya ce in sun tafi sun tafi, ruwansa ne. Sakataren ƙungiya da ke riƙe da lissafin mata tamanin masu adashi ba ya da wannan zaɓi, domin abin da ke hannunsa ba nasa ba ne.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin tarihin tattara Alƙur'ani. Allah da kansa Ya yi alkawarin tsare Littafinsa a Suratul Hijri, kuma babu wanda ya fi sahabbai gaskata wannan alkawari. Duk da haka, da aka kashe mahaddata masu yawa a yaƙin Yamama zamanin Abubakar, Umar ya ji tsoron wani abu ya tafi da tafiyarsu, ya matsa a tattara shi wuri ɗaya a rubuce. Abubakar ya yi jinkiri da farko, daga baya ya amince, aka ɗora aikin a kan Zaidu ɗan Sabit. Buhari ya ruwaito yadda Zaidu ya bi abin da aka rubuta a zarben dabino da faffaɗan duwatsu, ya haɗa da abin da ke ƙirazan mutane. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan Hafsa. A zamanin Usman, bayan Huzaifa ya dawo daga yaƙi ya kawo labarin saɓanin karatu, aka karɓo takardun Hafsa aka kwafi mus'hafai aka aika manyan birane, aka mayar mata da nata. Babu sahabin da ya ce wannan rashin yarda da alkawarin Allah ne. Sun fahimci cewa aikinsu yana cikin hanyoyin da alkawarin ke cika. Sun ajiye abu ɗaya ta hanya biyu, hadda da rubutu, sun rarraba shi garuruwa masu nisa da juna, kuma ba su karɓi komai ba sai da suka tantance shi. Har yau alarammomin ƙasar Hausa a kan wannan turba suke: wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya sa shi a gafaka sai ya ba wasu mahaddata sun bi shi shafi-shafi, waƙafi da wasali. Idan an yi wannan ɗawainiya ga abin da aka lamunce tsarewarsa, to lissafin bashin da babu wanda ya lamunce wa kowa shi ya fi buƙatar a tsaya masa.

Manomin wannan yanki ba ya buƙatar a koya masa wannan darasi. Daga Ɗan Saga zuwa Cadakori, rumbu ba ya zama a ƙasa. Ana ɗora shi a kan duwatsu ko itatuwa saboda gara da laima. Gero yana shiga cikinsa dami-dami a zangarniyarsa, ba a sussuke ba, domin ya fi daɗewa a haka, kuma irin wannan shawara ce Annabi Yusuf ya bayar a Masar game da hatsin shekaru bakwai na wadata. A ƙauyuka da yawa rumbuna suna tsaye ne a bayan gari, nesa da murhu, don kada gobarar hunturu da ta ci gida ta haɗa da abincin shekara. Iri kuwa tun a gona ake zaɓensa. Maigida ya bi kunya-kunya yana tsinko zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye ta inda hannun mai daka ba ya kai, kuma ko an shiga wuya sai an kai maƙura kafin a taɓa ta. Uwargida tana da nata ɗan rumbu. Gari kuma yana da bankin cimaka, irin waɗanda suka ƙara yawa bayan ƙarancin abinci na 2005. Ba a taɓa jin liman ya hau mumbari ya ce mai ware iri ba shi da tawakkali ba. Wanda ake yi wa faɗa shi ne wanda ya cinye irinsa. Abin baƙin ciki shi ne, littafin bankin cimakan nan da ke nuna wa ya ci bashin tiya nawa, idan ya koma kwamfuta, sau da yawa ba ya samun ko rabin kulawar da ake ba damin gero.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake bi a wannan ƙasa, mai karɓar ajiya amintacce ne. Idan ajiya ta salwanta ba ya biya, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Muhtasar na Halil ya kawo misalai, daga cikinsu akwai wanda ya manta ajiyar a wurin da aka ba shi ita ya tafi abinsa. Ma'aunin shi ne a sa kowane abu a ma'ajin da irinsa ke zama bisa al'ada: akuya a garke, zinariya a akwati mai makulli. Wanda ya ajiye zinariya a garke ya yi sakaci ko da ya rantse bai yi nufin ɓata ta ba. Littattafan nan ba su san kwamfuta ba, amma ƙa'idar tana aiki a kanta. A zamanin da duk mai taɓa kwamfuta ya san faifai na mutuwa, kuma kwafin takardun shekara guda ba ya cin fiye da 'yan mintoci, faifai ɗaya bai kai a kira shi ma'ajin irin wannan amana ba. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu domin kawar da shakka da mantuwa. Rubutun da zai iya gushewa da ƙiftawar wuta bai biya wannan buƙata ba. A jaha mai yawan jama'a da ƙarancin gona kamar Maraɗi, inda hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada ke ba da takardun shaidar ciniki da jingina da gado, takarda ɗaya tana iya kashe rigimar da za ta raba dangi biyu har jikoki.

Sai dai nauyin ba a kan mai buga takarda kaɗai yake ba. Ma'aikacin da ya nemi a saya masa faifan waje aka ce babu kuɗi, alhali an sami na fenti da na walima, ya sauke nasa; laifin ya koma kan mai riƙe da jakar kuɗi. Wanda kuma ba a taɓa koya masa ba, jahilcinsa yana rage masa zargi, amma yana ƙara wa wanda ya damƙa masa aikin.

Hanyoyin yin kwafin ko-ta-kwana ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ke maganin abu ɗaya ba. Raba faifai guda gida biyu a ajiye kwafi a gida na biyu ruɗin kai ne, domin in faifan ya mutu duka gidajen sun tafi. Sa faifai biyu a kwamfuta ɗaya suna rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya, tsarin da ake kira RAID 1, yana maganin mutuwar ɗayansu, amma ba ya maganin sata ko tsawa ko ambaliya, kuma duk abin da aka goge a ɗaya nan take ya goge a ɗayan. Faifan waje da ake haɗawa da igiya shi ne ya fi dacewa da ƙaramin ofis, da sharaɗin a cire shi da zarar an gama, don kada abin da ya ci kwamfuta ya ci shi. Gara ma a sami biyu ana musanyawa, ɗaya a ofis, ɗaya a wani gini daban. Filash na ɗaukar saƙo ne daga nan zuwa can, ba na dogon ajiya ba. Yana ɓata cikin aljihu, yana ɗauko cuta, kuma kasuwa cike take da na jabu da aka rubuta musu girman da ba su da shi, su karɓi fayil kamar gaske sai ranar buɗewa a tarar da shi a lalace. Ajiya a intanet tana kai kwafi nesa da duk wata gobara ta gari, kuma takardun rubutu da na lissafi ba su da nauyi, na shekara guda ba sa cika ko kaɗan daga gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta. Amma hotuna da bidiyo suna cinye kuɗin intanet, layi yana yankewa, kuma can ɗin ma gini ne da faifai a ciki: a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka rasa kayansu har abada. Takarda ma kada a raina ta. Lissafin ƙarshen wata da aka buga, aka sa hannu, aka ajiye a akwatin ƙarfe sama da ƙasa, ba ya buƙatar wuta kafin a karanta shi.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa. A ofishin makaranta a Gangara ko Gidan Sori wannan ba ya wuce abin da ke cikin kwamfuta, da faifan waje da darakta ke tafiya da shi gida kowace Juma'a a naɗe cikin leda, da kwafin da aka tura intanet ko aka buga a takarda. A haɗa da akwatin batirin nan mai riƙe wuta na 'yan mintoci, wanda ma'aikata ke ce wa ondiler, don a sami damar rufe aiki kafin kwamfuta ta mutu. Yana da kyau kuma kada sabon kwafi ya riƙa danne tsoho kullum, domin wani fayil yakan lalace a yi wata guda ba a lura ba, kuma ranar da aka lura na watan jiya ake nema.

Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ko kwafi ba ne. Manomi yakan leƙa rumbu ya zaro zangarniya ya murza a tafin hannu ya ga ko ƙwaro ya shiga. Haka ya kamata a yi wa faifan waje: lokaci-lokaci a kai shi wata kwamfuta daban, a buɗe fayil biyu ko uku, a duba kwanan watansu. Masu kwafar littattafai na da suna da wannan al'ada, su karanta sabon kwafi a gaban na asali kafin su yarda da shi. Mutane da yawa sun shekara suna jan fayil zuwa filash da kwanciyar hankali, ashe inuwar fayil ɗin kawai suke kwafa.

Yawan kwafi yana buɗe wata ƙofa da dole a tsare. Malikiyya sun hana mai ajiya ya miƙa ta ga wani daban ba tare da uzuri ba, kamar tafiya ko tsoron rashin tsaron gidansa. Kwafi ya bambanta da akuya ko kuɗi, tunda na asali bai bar wurinsa ba, amma sirrin da ke ciki ya fita. Sunayen majinyata, bashin da magidanci ba ya son maƙwabci ya sani, hotunan matan mutane a wurin biki, duk waɗannan amana ce ta biyu a kan ta farko. Don haka kwafin da zai bar ofis a kulle shi da kalmar sirri ta yadda wanda ya tsince shi ba zai karanta ba, kuma a yi shi da sanin shugabanni. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita. Tura jerin sunayen marasa lafiya ta WhatsApp zuwa wayar aboki, da sunan ajiya, gyaran ɓarna ne da wata ɓarna.

Mai gyara ma yana da nasa babi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bi ra'ayin Malik cewa masu sana'a suna lamunin kayan da suka tafi da su wurin aikinsu, kamar maɗinki da marini. Mai gyaran kwamfuta da ya wanke faifai ya sake zuba manhaja bai tambayi abin da ke ciki ba, ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba, haka ma wanda ya kwashe hotunan mutane ya ajiye wa kansa. Mai kwamfuta kuma, idan ya ji faifai ya fara ƙara, ya kwashe mafi muhimmanci nan take, ya daina kunnawa da kashewa yana fatan za ta warware, domin kowace kunnawa tana ƙara karcewa.

Idan an yi duk wannan kuma abin ya salwanta, ruwa ya ci ofis da gida a dare ɗaya, a nan kalmar ƙaddara take da cikakken wurinta. Babu biya, babu zargi, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya umarci mumini da himma a kan abin da zai amfane shi da neman taimakon Allah, shi ne kuma ya hana shi cin zuciyarsa da da-na-sani bayan abu ya wuce. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Mai sakaci shi ma ya yi imani cewa abin da ya faru rubutacce ne, amma wannan ba ya ɗauke masa faɗin gaskiya ga masu haƙƙi, da bin gida-gida don sake tattara abin da zai tattaru, da biyan abin da ya zama wajibi a kansa.

Saura mai ajiyar kansa, wanda shi ma yana da ajali. Halil ya ambaci cewa idan mai ajiya ya rasu bai yi wasiyya da ita ba kuma ba a same ta ba, ana cire ta daga abin da ya bari, sai in an yi kamar shekara goma da ba shi. Kuɗi da kaya ana iya cire su daga gado, amma rajistar ɗalibai ta shekara shida da aka kulle da kalmar da mamaci kaɗai ya sani babu dukiyar da za ta dawo da ita. Saboda haka kalmar sirri da wurin da kowane kwafi yake a rubuta su a takarda, a rufe a ambulan, a damƙa wa mutum na biyu da hukuma ko ƙungiya ta amince da shi. Ma'aikacin da aka ɗaga daga Gazawa zuwa Tibiri bai sauke nauyi ba sai wanda ya gaje shi ya buɗe kwafin a gabansa, ya ga lissafin watan jiya a ciki, sannan su biyun su sa hannu.